Ma'anonin da Kiristoci Suka Ba Haruffan Ibrananci

Haruffan Ibrananci 22 ne, duk baƙaƙe, kuma daga dama ake rubuta su zuwa hagu kamar ajami. Kowane harafi yana da suna, da siffa, da adadin da yake ɗauke da shi a lissafi. Cikin waɗannan abubuwa uku ne malaman Kirista, tun ƙarni na biyu har zuwa yau, suke neman ishara zuwa ga Yesu Almasihu da gicciye da Triniti, wato Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Wannan karatu ba ya cikin ƙa'idojin bangaskiya da ikilisiyoyi ke furtawa. Al'ada ce ta wa'azi da zurfin tunani, kuma yawancin dabarunta aro ne daga malaman Yahudawa, waɗanda suka daɗe suna yi wa haruffansu tafsiri.

Asalin sunaye da siffofi

Wanda ya yi makarantar allo ba zai ji sunayen baƙi a kunnensa ba: alef, bet, gimel, dalet, kusa suke da alif, ba, jim, dal, domin tushensu ɗaya. Da yawa cikinsu kalmomi ne na yau da kullum. Alef sa ne, bet gida, dalet ƙofa, yod hannu, kaf tafin hannu, mem ruwa, ayin ido, fe baki, resh kai, shin haƙori, taw kuwa alama. Rubuce-rubucen da Flinders Petrie ya gano a Serabit el-Khadim, cikin hamadar Sina'i, wajen 1905, sun nuna yadda abin ya faro: a zana kan sa don a nuna sautin farko na kalmar "alef", a zana gida don sautin "b". Alan Gardiner ne ya bayyana wannan dabara a 1916. Wato hoton ba ya nufin abin da aka zana, sautin farkon sunansa kawai ake bukata.

Akwai kuma abin da masu wa'azi kan manta. Ibrananci ya yi rubutu iri biyu. Tsohon, ɗan'uwan na Finikiyawa, shi Isra'ilawa ke amfani da shi kafin a rushe Urushalima a shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu. Bayan zaman bauta a Babila sai rubutun Aramiyanci mai kusurwoyi ya maye gurbinsa sannu a hankali, shi ne wanda ake gani yau. Samariyawa ne suka riƙe wani reshe na tsohon. Don haka in an ce harafi kaza ya yi kama da abu kaza, sai a fara tambayar a wane rubutun.

Taw, alamar goshi

Mafi tsufa cikin waɗannan fassarori, kuma mafi ƙarfin tushe, ita ce ta harafin ƙarshe. A Ezekiyel 9:4 an umarci wani mutum mai tufafin lilin da gafakar marubuci ya ratsa Urushalima, ya sa alama a goshin duk masu baƙin ciki da mugun aikin da ake yi a birnin, domin masu hallakarwa su tsallake su. Kalmar da aka fassara "alama" a nan ita ce taw, sunan harafin kansa. A rubutun yanzu taw (ת) bai yi kama da gicciye ba ko kaɗan. A tsohon rubutu kuwa, wanda ake yi a zamanin Ezekiyel, layi biyu ne da suka gitta juna, kamar + ko X.

Orijin na Iskandariya, malamin ƙarni na uku, ya ba da labarin yadda ya tambayi Yahudawa ma'anar wannan taw. Ɗaya ya ce tun da shi ne harafin ƙarshe, cikar kamala yake nufi. Wani ya ce da shi kalmar Tora, wato Attaura, ta fara, saboda haka alama ce ta masu kiyaye shari'a. Na uku, Bayahude da ya gaskata da Almasihu, ya ce a tsoffin haruffa taw siffar gicciye gare shi, kuma annabci ne na alamar da Kiristoci ke yi a goshinsu. Daga baya Jerom, mai fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Latin, ya ƙarfafa wannan a sharhinsa na Ezekiyel, ya kafa hujja da haruffan da Samariyawa ke rubutu da su a zamaninsa. Tatuliyan na Kartaj ya riga su kaiwa ga wannan ma'ana ta wata hanya, ta harafin Helenanci tau, mai siffar T.

Malaman Talmud, babban kundin koyarwar malaman Yahudawa, su ma sun tsaya a kan ayar, amma abin da suka gani daban ne: taw na tawada a goshin salihai, taw na jini a goshin mugaye, domin da wannan harafi kalmar "za ka rayu" da kalmar "za ka mutu" duk suka fara.

A 1215 Fafaroma Inosent na Uku ya buɗe babban taron Lateran na huɗu a Roma da wa'azin da ya yi bayanin wannan sura ta Ezekiyel a cikinsa. Faransis na Asisi ya rungumi alamar har ta zama sa hannunsa. A 1224, a kan dutsen La Verna, ya rubuta wa abokin tafiyarsa Leo albarkar da ke Littafin Ƙidaya 6:24-26 a kan 'yar guntuwar fata, ya zana babban T da ya ratsa tsakiyar sunan Leo. Leo ya naɗe fatar yana yawo da ita a jikinsa, kamar yadda ake yi da laya, har ya rasu. Tana nan a Asisi, alamun naɗin a bayyane. Har yau mabiyan ɗariƙar Faransis na rataya ƙaramin T na katako a wuya.

Wasiƙar Jerom ga Paula

Zabura 119 tana da ayoyi 176, an kasa su 22, takwas-takwas, kuma duk ayoyin kowane kashi da harafi ɗaya suke farawa, daga alef har taw. Surori huɗu na farko na Makoki da waƙar mace tagari a Karin Magana 31:10-31 su ma jerin haruffa suke bi. Kiristocin da ke karatu da Helenanci ko Latin ba sa ganin wannan gwaninta, sai sunayen haruffan kawai a saman kowane kashi, tsaye kamar baƙin da ba a san harshensu ba. Dole a yi tambaya.

A Roma, a shekara ta 384, Paula, wata gwauruwa 'yar manyan gida, ta tambayi Jerom. Ya yi mata bayani da baki, ta ce baƙon harshe ba ya zama a ka, ya rubuta mata. Ya jera ma'anoni: alef koyarwa, bet gida, gimel cika, dalet alluna. Sannan ya haɗa su cikin jimloli bakwai. Ta farko ta ba shi cewa koyarwar ikilisiya, wadda ita ce gidan Allah, cikin cikar littattafai masu tsarki ake samunta. Ta ƙarshe, kof da resh da shin da taw, ta ba shi kira, kai, haƙora, alamu: da haƙora ake furta magana, kuma ta waɗannan alamu ake kaiwa ga Almasihu, shugaban kowa. Yusibiyus na Kaisariya ya riga shi kawo irin wannan jeri, Ambros na Milan kuma ya gina sharhinsa na wannan Zabura kashi 22, yana buɗe kowanne da ma'anar harafinsa.

In aka auna jerin Jerom da ilimin harshe na yau, wani wuri ya dace, wani wuri ya yi zato. Kaf hannu, ayin ido ko maɓuɓɓugar ruwa, resh kai, shin haƙora, duk daidai ne. Alef ɗinsa daga wata kalma ce mai nufin koyo, ba daga sa ba. Yod da ya ce "mafari", da mem da ya ce "daga gare su", kamannin sauti ne kawai. Shi ne kuma ya yaɗa ra'ayin cewa littattafan Tsohon Alkawari 22 ne daidai da haruffa, biyar cikinsu tagwaye ne kamar haruffa biyar masu siffa ta biyu a ƙarshen kalma.

Yod shi ne mafi ƙanƙanta, kuma shi ake jin Yesu yake nufi a Matiyu 5:18. Masu fassarar Hausa sun samo masa daidai daga allo: "ko wasali ko ɗigo".

Lissafin haruffa

Alef 1, bet 2, yod 10, kof 100, taw 400, irin tsarin da marubuta waƙoƙin ajami suke fitar da ramzi da shi. Sunan Dawuda dalet, waw, dalet ne, wato 4 da 6 da 4, jimla 14, kuma masana da yawa na ganin shi ya sa Matiyu ya kasa asalin Yesu kashi uku, zuriya 14 kowanne. Lambar 666 ta Wahayin Yahaya tana fita idan aka rubuta "Neron Kesar", sarkin Roma, da haruffan Ibrananci. In an cire nun na ƙarshen "Neron" sai ta koma 616, adadin da wasu tsoffin kwafe suke ɗauke da shi. Barorin Ibrahim 318 na Farawa 14:14 kuwa kowa ya ja su gidansa: Wasiƙar Barnaba, wani tsohon rubutu na Kiristocin farko, ta karanta su da Helenanci, ta ga haruffa biyu na farkon sunan Yesu da T na gicciye, malaman Yahudawa suka lissafa da Ibrananci suka ga sunan Eliyezer, baran Ibrahim.

Kabala ta Kirista

Petrus Alfonsi, Bayahuden Sifaniya da ya karɓi baftisma a 1106, ya raba sunan Allah mai haruffa huɗu, yod, he, waw, he, zuwa bibbiyu sau uku cikin zobba masu sarƙe, ya ce hoton Triniti ke nan. Irin wannan karatu, da aka aro daga Kabala, wato ilimin asiri na Yahudawa, ya bunƙasa a Italiya bayan Pico della Mirandola ya fitar da batutuwansa 900 a 1486. A 1494 Bajamushe Johannes Reuchlin ya saka shin a tsakiyar sunan nan da ba a furtawa, ya ce da haka ya zama abin furtawa, ya zama sunan Yesu. Dabara ce mai jan hankali, sai dai Yeshuwa a Ibrananci da ayin yake ƙarewa, ba da he ba. Kawuna uku na shin (ש) su ma an ce Triniti ne. Kalmar bara, "ya halitta", an ce haruffanta farkon Ɗa da Ruhu da Uba ne. A Ishaya 9 akwai wani mem rufaffe (ם) da ya faɗo tsakiyar kalma, inda ba wurinsa ba. Talmud ya danganta shi da sarki Hezekiya, Kiristoci suka ce budurcin Maryamu ne.

Karatun hotuna na zamani

A 'yan shekarun nan, musamman cikin wa'azin bidiyo na intanet, an koma karanta kalmomi ta hotunan tsoffin haruffa. Mafi shahara shi ne sunan nan mai haruffa huɗu: yod hannu, he "duba", waw ƙusa, sai a ce ma'anarsa "dubi hannu, dubi ƙusa". Masana Ibrananci, Kirista da Yahudawa, ba su karɓi wannan a matsayin ma'anar kalmar ba. Waw maratayi ne, irin na ginshiƙan farfajiyar alfarwa a Fitowa 27:10, kuma ƙusa tana da nata sunan, masmer. In da hotuna ne ke ba da ma'ana, da kowace kalma mai bet sai ta shafi gida.

Haka batun alef da taw. Yesu ya ce shi ne Alfa da Omega, harafin farko da na ƙarshe na Helenanci, masu fassara zuwa Ibrananci da Suriyanci suka mai da shi Alef da Taw. Daga nan wasu suka lura kalma ta huɗu a Farawa 1:1, et (את), waɗannan haruffa biyu ne kuma ba a fassara ta, sai suka ce sa hannun Almasihu ne. A nahawu aikinta shi ne nuna karɓau sananne, abin da aiki ya faɗa a kansa. Tana zuwa dubban sau cikin Tsohon Alkawari, a gaban sama da ƙasa, haka kuma a gaban sunan Habila a ayar haihuwarsa, da gaban jakar da Bal'amu ya buga.