Dawakai Ne Suka Ja Igwogin Jamus a 1940

Mutane da yawa sun ɗauka cewa Jamus ta murƙushe Faransa cikin mako shida a 1940 ne don ta fi ta tankokin yaƙi. Ba haka ba ne. Faransa da Ingila sun fi Jamus yawan tankoki, kuma tankar Faransa Char B1 ta fi duk na Jamus kaurin ƙarfe.

Cikin rundunoni sama da 130 da Hitila ya tura yamma, goma kacal ne na tankoki. Galibin sojoji a ƙafa suke tafiya, ƙura ta bule musu fuska, dawakai na jan igwogi da amalanken abinci a bayansu. Abin takaici, hotunan farfagandar 'yan Nazi sun ɓoye wannan, har yau kuma su ake yawan nuna wa mutane.

Dabara ce ta yi aiki. Jamusawa sun tattara rundunonin tankoki bakwai wuri guda, tankokin suna magana da juna ta rediyo, suka kutsa dajin Ardennes na kan iyakar Beljiyam da Faransa, inda Faransa ta sakankance. Ranar 13 ga Mayu Janar Guderian, wani kwamandan tankokin Jamus, ya ƙetare kogin Meuse a garin Sedan na Faransa. Ranar 20 tankokinsa suka isa bakin teku, suka datse sojojin ƙawancen Faransa da Ingila a Beljiyam.