Mene ne okid, kuma me ya sa ba a shuka irinsa kamar gero?

Kalmar okid ta fara yawo a bakin masu sha'awar furanni a nan Jos, kuma da yawa sun ɗauka sunan fure guda ne. Sunan dangi ne, mai nau'i sama da 25,000. Wanda aka fi gani a 'yar tukunyar roba, mai kaurin ganye da fure kamar malam-buɗe-littafi ya baje fukafukai, shi ne Phalaenopsis, sunan da masanin tsirrai Carl Blume ya raɗa masa a 1825. Asalinsa dazuzzuka masu zafi da laima na kudu maso gabashin Asiya, irin su Indunisiya da Malesiya da Filifin.

A can ba a ƙasa yake tsirowa ba. A jikin bishiya yake maƙalewa, cikin inuwa, saiwoyinsa a waje suna shan iska. Bahaushe yana gani zai ce kauci ne, amma akwai bambanci babba. Kauci yana huda reshe ya tsotsi ruwan bishiyar har ya raunana ta. Okid kuwa wurin zama kawai ya ara. Saiwarsa tana da wani farin rufi kamar soso da ke kama ruwan sama da raɓa, idan ta jiƙe sai ta koma koriya. Shi ya sa nake jin takaici in na ga an cusa shi cikin jar ƙasa ana ba shi ruwa safe da yamma. Saiwar ruɓewa take. Ɓawon itace da gawayi yake so, da ɗan feshin ruwa lokacin hunturu.

Inda abin mamakin yake shi ne iri. Ƙwayar gero ko wake tana zuwa da guzurinta, abincin da za ta ci kafin ta yi ganye. Irin okid ba shi da guzuri. Kamar ƙura yake, kwanso guda yana ɗauke da dubun dubata, iska ce ke kwashe su. Wadda ta faɗa a jikin bishiya ba za ta tsira ba sai ta haɗu da wata fumfuna da za ta shiga cikinta ta ciyar da ita. Mafi yawa ba sa dacewa. Bafaranshe Noël Bernard ne ya gano wannan alaƙa a 1899.

A 1922 Lewis Knudson na Jami'ar Cornell a Amurka ya nuna cewa za a iya yi ba tare da fumfunar ba. Ana zuba irin a kwalbar da aka kashe wa ƙwayoyin cuta, a kan wani daskararren abu da ake samu daga ciyawar teku, haɗe da sukari da sinadaran taki. Can sai ƙwayar ta kumbura ta zama ɗan koren dunƙule, daga baya ganye da saiwa su fito. Ƙura kaɗan ta shiga, kwalbar ta lalace gaba ɗaya.

Don haka in ka ga ana tallar irin okid a intanet, manya-manya kamar na kuɓewa, ka riƙe kuɗinka. Na gaskiyar ma sai ya yi watanni a kwalba, sannan a jira shekara uku zuwa biyar kafin a ga furen farko.