Waiwaye: yadda aka gano furotin masu taya homon kunna ƙwayoyin gado

Akwai tambayar da ta daɗe tana ci wa masana tuwo a ƙwarya. Maganin tamoxifen yana toshe aikin homon estrogen a mama, shi ya sa ake ba masu sankarar mama. Amma da ya isa mahaifa sai ya juya, ya riƙa aiki tamkar estrogen ɗin, har ya kan ƙara haɗarin sankarar mahaifa. Maganin bai canza ba, furotin da yake kamawa ma bai canza ba. To ina bambancin ya fito?

Zaren labarin ya faro ne a 1958, lokacin da Elwood Jensen na Jami'ar Shikago ya yi wa estrogen alama da tritium, wani sinadari mai fitar da hasken da ake iya bin sawunsa, ya ba ɓeraye mata, ya bi sawunsa. Sai ya ga homon ɗin ya taru a mahaifa ya zauna, bai sauya kama ba, alhali tsoka ba ta riƙe shi. Ke nan akwai wani furotin a cikin ƙwayoyin mahaifa da ke cafke shi. Shi ne makarɓin homon. Daga baya Bert O'Malley ya nuna a bututun ƙwan kaza cewa estrogen na ƙara yawan saƙon RNA na ovalbumin, furotin farin ƙwai, wato aikin homon yana kaiwa har ga ƙwayoyin gado.

A 1985 ɗakin binciken Ronald Evans a Cibiyar Salk ya fitar da ƙwayar gadon makarɓin homon glucocorticoid na ɗan Adam, a 1986 na Pierre Chambon a Faransa ya fitar da na estrogen. Kafin a ankara an gane dangi guda ne babba, har da makarɓan homon thyroid da na bitamin A da D. A jikin mutum su 48 ne. Galibinsu suna da sashen da ke kama DNA da sashen da ke karɓar homon. Da yawa sun ɗauka an gama: homon ya shiga, makarɓi ya hau DNA, a fara kwafar saƙo.

Ashe da sauran rina a kaba. A 1989 masu bincike a Strasbourg ta Faransa suka lura cewa idan aka cika ƙwayar halitta da makarɓin estrogen, aikin makarɓin homon progesterone yana raguwa, ko da yake ba wuri ɗaya suke zama a kan DNA ba. Bayanin da ya fi shiga hankali shi ne suna rububin wani abu na uku ne wanda bai da yawa. A ganina nan ne ainihin mahaɗar tarihin, domin an san akwai abin shekaru kafin a gan shi.

A 1995 ɗakin O'Malley a Houston ya kamo shi, aka sa masa suna SRC-1: furotin mataimaki ne da ke manne wa makarɓi idan homon ya shiga, ya taya shi kunna ƙwayar gado. A shekarar ne kuma aka gano NCoR da SMRT, masu yin akasin haka: suna manne wa wasu makarɓan idan babu homon, su kulle ƙwayar gadon. A 1996 aka tabbatar cewa CBP da p300, waɗanda SRC-1 ke janyowa, suna liƙa ɗan guntun sinadari mai suna acetyl a jikin histon, furotin da DNA ke naɗe a kansu kamar zare a kwarkwaro. Naɗin ya sassauta, sai injin kwafa ya sami hanya.

Yadda ake riƙon ya fito fili a 1997. Rukunin Malcolm Parker a Landan ya gano ɗan gajeren jeri na amino asid (tubalan gina furotin) biyar, LXXLL, uku daga ciki leucine (L), a jikin mataimakan. Hotunan tsarin furotin na 1997 da 1998 suka ƙarasa bayanin. Idan estrogen ya shiga aljihun makarɓi, wani murɗaɗɗen reshe, na 12, yana rufowa kamar murfi, sai wani kwari ya samu a bayan makarɓin, daidai shigar LXXLL. Tamoxifen kuwa yana da jela da ke leƙowa waje, ta ture reshen, shi kuma ya faɗa cikin kwarin ya kwanta a gurbin mataimaki. Abin dariyar shi ne reshen yana da jeri mai kama da LXXLL, don haka makarɓin da kansa yake toshe ƙofarsa.

Wannan ya bayyana abin da ke faruwa a mama. Na mahaifa sai a 2002, lokacin da Yongfeng Shang da Myles Brown suka kwatanta ƙwayoyin sankarar mama da na mahaifa. Na mahaifa sun fi yawan SRC-1, kuma a can tamoxifen na janyo mataimaka zuwa wasu ƙwayoyin gado. Da suka rage SRC-1 a ƙwayoyin mahaifa, tamoxifen ya daina kwaikwayon estrogen; da suka ƙara shi a na mama, sai ya fara.