Tarbiyyar ƙananan yara a gidan Kirista: tambayoyin da iyaye ke yawan yi

Yaron da bai iya magana ba tukuna, me za a koya masa?

Tun yana goye yake ɗauka. Uwa tana wanki ko tuƙa tuwo tana rera waƙar sujada, shi kuma yana bayanta yana ji. Kafin ya cika shekara biyu sai a ga ya haɗa hannu da zarar an ajiye kwanon abinci, ya rufe ido ɗaya, ya riga kowa cewa "Amin". Manzo Bulus ya tuna wa Timoti cewa tun yana jariri ya san Littattafai masu tsarki (2 Timoti 3:15). Ko ikilisiyarku tana yi wa jarirai baftisma kamar Katolika da Angilikan, ko miƙa su ga Ubangiji ake yi kamar a ECWA, alkawarin da aka yi a gaban jama'a ranar nan iyaye ne suka yi shi, a gida kuma ake cika shi.

Muna kai su makarantar Lahadi kowane mako. Bai isa ba?

Bai isa ba. Malaman makarantar Lahadi suna ƙoƙari, akasarinsu ba a biyan su ko kwabo, amma awa ɗaya ko biyu suke da yaron a mako, wani lokaci ma mutum ɗaya ne da cincirindon yara a gindin bishiya. Umarnin da ke cikin Maimaitawar Shari'a 6:6-7 kuwa ga iyaye aka ba da shi: a koya wa 'ya'ya maganar Allah ana zaune a gida, ana tafiya a hanya, lokacin kwanciya da lokacin tashi.

Nan ne yawancinmu muke faɗuwa. Yaro ya haddace aya a kan gaskiya ranar Lahadi, ranar Litinin mai bin bashi ya yi sallama, uba ya ce, "Je ka ce masa ba na nan." Wane darasi ne zai zauna? Haka ma uwar da ta dawo daga Zumuntar Mata, ko ɗankwali ba ta cire ba ta hau zagin surukarta a gaban yara. Suna ji, suna kuma ajiyewa. A ganina, uban da zai iya ce wa ɗansa mai shekara biyar, "Na yi maka faɗa ba da laifinka ba, ka gafarta mini," ya koyar da tuba fiye da wa'azi mai tsawo.

Yaya za a yi addu'ar iyali da yaran da ba sa zama wuri ɗaya?

A taƙaita ta. Minti goma ya wadatar: waƙa ɗaya, labari ɗaya, addu'a gajeriya. A zaɓi labaran da yaro zai iya gani da idon zuciyarsa, kamar Sama'ila da ya ji kira da dare, Dawuda da Goliyat, ko yaron nan mai gurasa biyar da kifi biyu. A bar su su yi tambaya, a kuma ba kowa nasa aiki, wannan ya ɗauko Littafi Mai Tsarki, wancan ya tayar da waƙa. In ƙarami ya roƙi Allah ya warkar da akuyar gida, kada a yi masa dariya. Kuma a kashe talabijin, babba ma ya ajiye wayarsa.

Da wane harshe?

Da wanda yaron yake kuka da shi, yake roƙon abinci da shi. Tun 1932 ake da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, kuma da shi ikilisiyoyi da yawa na Arewa suka tashi. In yaren gida kuke yi, Berom ne ko Bura ko Tangale, ku yi addu'a da shi. Turanci zai zo a makaranta.

Karin Magana ta ambaci sanda. To, ba sai da duka ba?

Ta ambata, a 13:24, kuma horo wajibi ne. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Amma Littafi Mai Tsarki bai tsaya nan ba. Afisawa 6:4 ta gargaɗi ubanni kada su tsokani 'ya'yansu su yi fushi, Kolosiyawa 3:21 kuma ta ce kada a matsa musu har su karai. Dukan da ake yi a gidaje da yawa huce haushi ne kawai: an dawo a gajiye, kuɗi sun ƙare, yaro ya zubar da miya, sai bulala. Zubar da miya kuskure ne, ba taurin kai ba, ya kamata a bambanta. A faɗa wa yaro dokar gida tun kafin ya karya ta, a bayyana masa laifinsa, hukunci ya yi daidai da shekarunsa, kada a hukunta shi cikin fushi. Duk horon da zai bar tabo a jiki zalunci ne. Zagi irin "ɗan banza" ko "ba za ka yi albarka ba" kuwa bai dace da bakin mai bi ba ko kaɗan.

Maƙwabtanmu Musulmi ne, yaranmu tare suke wasa. Me za mu ce musu?

Gaskiya, cikin ladabi. In yarinya ta tambayi abin da ya sa ƙawarta take salla da azumin Ramadan, a gaya mata addinin gidansu ke nan, sa'an nan a bayyana mata abin da mu muka gaskata game da Yesu Almasihu. A koya mata ta durƙusa ta gai da Malam da Hajiya kamar yadda take gai da Fasto. A garuruwan da suka sha rikici irin Jos da Kaduna, iyaye da yawa suna ɗauke da ciwo na gaske, amma a kula da abin da ake faɗa a tsakar gida, domin ƙiyayya ma koyon ta ake yi. Labarin Basamariye mai kirki a Luka 10 ya dace a riƙa maimaita shi.

Maigidana ba ruwansa da sha'anin coci. Ni kaɗai zan iya?

Za ki iya, 'yar'uwa, ko da yake da nauyi. Mahaifin Timoti Bahelene ne, bangaskiyarsa kuwa daga kakarsa Loyis da mahaifiyarsa Afiniki ta faro (2 Timoti 1:5). Kada ki ɓata uban a gaban 'ya'yansa, ku riƙa sa shi a addu'a tare. Ki nemi wani kawu ko dattijon ikilisiya mai amana da zai ja yaran maza a jiki, in sun kai shekaru kuma ki sa su a ƙungiyar Birged, wato ƙungiyar horar da yara ta coci, ko ta mawaƙan yara.