Goyon bayan kulob ɗin waje a Maraɗi

Goyon bayan kulob ɗin waje shi ne mutum ya ɗauki wata ƙungiyar ƙwallon ƙafa wadda ba ta garinsu ba, sau da yawa ma ba ta ƙasarsu ba, ya riƙe ta tamkar tasa, in ta ci ya yini da fara'a in an ci ta ya kwana da haushi. Ana samun haka ko'ina a duniya, amma a Maraɗi abin ya yi ƙarfi tun wajen ƙarshen shekarun 1990, har ta kai yaro zai jero maka 'yan wasan Real Madrid goma sha ɗaya da masu zaman benci, ka tambaye shi wa ke tsaron ragar Ɗan Kasawa ya tsaya yana kallonka. Sunayen da aka fi ji a fadodi da kasuwa da bakin 'yan kabu-kabu su ne Barcelona, Real Madrid, Chelsea, Arsenal, Manchester United da Liverpool, sai Manchester City da PSG da suka shigo daga baya, sai kuma Marseille wadda ta tsofaffi ce.

Kafin zuwan dish

Maraɗi ba garin da bai san balo ba ne. Tana da ƙungiyoyinta tun da daɗewa, manya a cikinsu su ne Jangorzo da Ɗan Kasawa, ita ta biyun sunan sarkin da ya kafa garin ta ɗauka, wato Ɗan Kasawa na zuriyar sarakunan Katsina da suka yo arewa bayan jihadi a farkon ƙarni na 19. Jangorzo ta ci gasar ƙasa a 1983, shekara ta gaba kuma Espoir ta Damagaram ta ɗauka, wanda a lokacin babban abu ne domin kofin ya saba zama a Yamai wurin su Sahel da Olympic. Waɗanda suka ga wannan zamanin har yanzu in aka taɓo maganar sai su gyara zama. A lokacin in kana son kallon maci sai dai ka taka zuwa fili, tele kaɗan ne a gari kuma Tele Sahel kaɗai ake kamawa sai wanda eriyarsa ta yi tsawo ta ɗauko tashoshin Najeriya, labarin ƙwallon Turai kuwa a rediyo ake tsintarsa, BBC Hausa ko RFI ga masu jin Faransanci, shi ma sakamako ne kawai da ɗan taƙaitaccen bayani.

Kofin duniya ne ya fara buɗe wa mutane ido. Kamaru ta kai kwata fainal a 1990 da Roger Milla, Najeriya ta je karon farko a 1994, sannan ta ciyo zinare a Olamfik ta Atlanta a 1996 bayan ta doke Brazil 4-3 da Ajantina 3-2. Daga nan sai aka fara tambayar to su waɗannan yaran ina suke wasa in an gama gasa, amsar wannan tambayar ce ta kai mutane Landan da Milan da Marseille ba tare da sun bar unguwarsu ba.

Akwai abin da ya kamata a lura da shi a nan. Kishin gari bai mutu a Maraɗi ba, a kokowa yake. Tun da aka fara gasar takobi ta ƙasa a Tawa a 1975 kuma Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko, ba a taɓa jin Bamaraɗe ya tsaya a fili yana yi wa ɗan kokowar Doso ko na Yamai kirari a kan nasu ba, ko da Isaka Isaka ne, shahararren ɗan kokowar Doso. Filin kokowar garin ma sunan Kantu yake ɗauke da shi. Mutumin nan da zai daina gaishe ka in ka zagi 'yan kokowar jiharsa, shi ne da dare zai je ya zauna yana cewa "mun ci" saboda wata ƙungiya a Sifen ta ci. Kokowa a gida aka gaje ta da kiɗanta da bokayenta, ƙwallon da yawancin matasan yanzu suka taso suka tarar kuwa ta cikin gilashin tele ta zo musu.

Hanyar Katsina

A ƙa'ida ƙasa mai amfani da Faransanci gasar Faransa ta kamata ta fi karɓuwa, kuma an yi wannan zamanin. Marseille ta ci kofin Turai a 1993, Basile Boli ne ya jefa ƙwallon da ka a ragar AC Milan, ga Abedi Pele na Gana a cikin ƙungiyar, to ma'aikata da malaman lakkwal da ɗaliban da suka yi karatu a Yamai da yawansu a nan suka tsaya har yau. PSG ma ta ɗan samu rabonta lokacin George Weah, da kuma lokacin Jay-Jay Okocha daga 1998 zuwa 2002.

Sai dai Maraɗi fuskarta kudu take kallo. Yamai ta fi kilomita 600, Katsina kuwa wajen kilomita 100 ce ta Ɗan Isa da Jibiya, dangi ɗaya ne aure ɗaya kasuwa ɗaya, abin da ya yi tashe a Kano ba ya daɗewa bai iso ba. Da DStv ta fara a 1995 kuma gidajen kallo suka bazu a arewacin Najeriya da wasannin Firimiya ta tashoshin SuperSport, dekoda da dish da katinsu suka biyo hanyar da sauran kaya ke biyowa, haka ma salon musun da sunayen tsokana. Shi ya sa gasar Ingila ta kafu a garin da yawancin masu kallonta ba su jin Turancin mai sharhi. Canal+ ita ma ta zo da Firimiya da La Liga da Champions League da sharhin Faransanci, yau ita ce aka fi yi wa abonma a gidaje, sannan BBC Hausa ta riƙa kawo sharhin wasu wasannin Firimiya kai tsaye da Hausa, wanda ya kai abin har ƙauyukan da babu wuta.

'Yan wasan Afirka

Wannan ita ce babbar ƙofa, kuma in ka san shekarun mutum sau da yawa za ka iya cankar kulob ɗinsa. Nwankwo Kanu ya koma Arsenal a farkon 1999 daga Inter Milan, a watan Oktoban shekarar ya zura wa Chelsea uku shi kaɗai cikin minti goma sha biyar na ƙarshe bayan ana cin Arsenal 2-0, aka tashi 3-2. Ga Kolo Toure da Lauren, ga Thierry Henry, ga kakar 2003-2004 da suka gama gasar ba a doke su ko sau ɗaya ba. Yawancin 'yan Arsenal na Maraɗi da suka fara furfura daga nan aka samo su, kuma sun sha haƙuri bayan nan ba kaɗan ba.

Chelsea kuma ta 2004 ce. Didier Drogba ya taho daga Marseille a shekarar, ya ma janyo wasu 'yan Marseille ɗin suka biyo shi, Michael Essien ya zo a 2005, Mikel Obi da Salomon Kalou a 2006, sai ƙungiyar ta zama kamar ta Afirka ta Yamma, ɗan Kodebuwa ga ɗan Gana ga ɗan Najeriya. Daren fainal na 2012 a Munik, da Drogba ya farke ana gab da tashi sannan ya buga fenariti na ƙarshe, yana cikin daren da 'yan Chelsea ba su gajiya da ba da labarinsa.

Barcelona ta shigo da Ronaldinho daga 2003 da Samuel Eto'o daga 2004, shi Eto'o ne ya farke a fainal ɗin 2006 a Paris da suka ci Arsenal 2-1, daga baya Yaya Toure da Seydou Keita na Mali suka zo, sai zamanin Guardiola da Messi ya rufe bakin kowa. Real Madrid tana da nata tun lokacin Zidane, amma zuwan Cristiano Ronaldo a 2009 ne ya raba samarin gari gida biyu, ranar El Clasico, wato karawar Madrid da Barcelona, ko mai shayi ya san ciniki zai canza. Liverpool ta tara sababbin magoya baya da zuwan Sadio Mane a 2016 da Mohamed Salah a 2017, a nan har da addini a ciki, mutane na jin daɗin ganin ɗan wasa ya ci ƙwallo ya yi sujada, aka kuma yi sa'a suka ɗauki kofin Turai a 2019 da Firimiya a 2020. Manchester United ce ta ɗan bambanta, ita yawan cin kofi lokacin Ferguson ne ya kawo mata jama'a, musamman kofuna uku na 1999.

Gidan kallo da fada

Gidan kallo rumfar kwano ce ko ta zana, benci a jere, tele biyu ko uku a sama, allo a ƙofa an rubuta wasannin ranar da alli da lokacinsu. Kuɗin shiga da dala ake lissafa shi, babban maci ya fi tsada, ga gurup, wato injin wuta, a waje an tanada don in aka ɗauke kuran kafin a tada shi ihu ya cika wurin. Yara ƙanana da ba su da kuɗi suna leƙe ta hujin kwano, wani lokaci wani babba ya ce "bar shi ya shigo, ƙanena ne," ya biya masa ya zaunar da shi kusa da shi, to yaron nan ya riga ya samu kulob ko da bai sani ba, domin duk abin da yayan nan ya yi wa tsalle shi ma shi zai yi wa. Kusan kowace unguwa tana da irin wannan wuri, daga Bagalam da Mokoyo da Ɗan Gulbi har Zariya da Ali Ɗan Sofo.

Fada ita ce ke ɗaukar abin bayan an tashi. Waɗannan majalisun shayi na samari da suka yawaita a Nijar tun shekarun 1990, a nan ake tsefe wasa har tsakar dare, wanda aka ci ƙungiyarsa in ya ɓuya a aika a kirawo shi, "Alhaji ina ka shiga ne, ko wayar ce ta mutu," a tsiyaya masa shayi ana yi masa gaisuwar ta'aziyya. Wanda ba shi da kulob ba shi da bakin magana a wannan zaman, don haka ko bai damu da balo ba dole ya zaɓi ɗaya. Wasu da gangan suke ɗaukar kishiyar ta abokinsu don musu ya yi daɗi, ƙane ya ɗauki Madrid saboda yayansa ɗan Barca ne. Yanzu rabin wannan musun ya koma WhatsApp da Facebook da TikTok.

Riga da gem

Wasu ta riga suka shiga. Mayo na bosho ko sabo ɗan China mai arha da aka saya wa yaro da salla, sunan da ke bayan rigar ya bi shi har ya zama laƙabinsa a unguwa. Gidajen PlayStation ma sun yi nasu aikin, yaro ya saba ɗaukar ƙungiya ɗaya a gem saboda 'yan gabanta na da gudu, daga nan ya fara neman wasanta na gaske.

Masu bin ɗan wasa

Akwai rukunin da mutum suke bi ba ƙungiya ba. Sun bi Ronaldo zuwa Juventus a 2018, suka dawo Manchester a 2021, suka wuce Al Nassr ta Saudiyya a farkon 2023, 'yan Messi kuma suka yi PSG a 2021 da Inter Miami a 2023. Tsofaffin magoya baya ba su ɗauke su da daraja ba, canza kulob a wurinsu abin kunya ne da ake yi wa mutum gori shekara da shekaru.

Ƙungiyoyin maƙwabta da na Yamai

Kano Pillars, Sai Masu Gida, tana da masoya a Maraɗi musamman 'yan kasuwar da ke zirga-zirga Kano. An kafa ta a 1990, ta ci gasar Najeriya a 2008 da kuma sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014, ta fitar da Al Ahly ta Masar a 2009 har ta kai samifainal na kofin zakarun Afirka, kuma a nan Ahmed Musa ya yi suna. Ƙungiyoyin Yamai irin su AS FAN da AS Douanes da AS Police yawancinsu na hukumomi ne, da wuya ka ga wanda ba ma'aikacinsu ba ya ɗauke su da zafi.

Mena

In Mena, ƙungiyar ƙwallon ƙasar Nijar, na wasa ana ajiye rigimar kulob. An ga haka a Oktoban 2010 da Musa Ma'azu ya ci Masar 1-0 a Yamai, da zuwa kofin Afirka na 2012 da na 2013. A Fabrairun 2019 filin wasan Maraɗi ya karɓi wasu wasannin kofin Afirka na 'yan ƙasa da shekara 20, wanda Mali ta ɗauka.

Mata

Ba su cika zuwa gidan kallo ba, a gida ko a waya suke bi, da yawa kulob ɗin miji ko na wa suke ɗauka, wasu kuma kishiyarsa don tsokana.

Saɓani

Wasu malamai na sukar kallon saboda yana cin lokacin sallar magariba da isha'i, da sa rigar da ke ɗauke da alamar gicciye ko tallar giya da caca, da kuma cacar ƙwallo ta waya da ta shigo cikin matasa. Masu kula da ƙungiyoyin gida na cewa tele ce ta kwashe musu 'yan kallo, masu kallon kuma na cewa rashin kuɗi da rashin tsayayyen jadawali ne suka kore su daga fili, kuma gasar gida ba a cika nuna ta ba balle yaro ya san fuskar 'yan wasanta.