Makero da kyasbi: duba sunan man kafin ka shafa

Wata uwa ta kawo min ɗanta, ta ɗaga masa riga. Makeron da ya fara kamar kwabo a gefen cikinsa ya bazu ya kai faɗin tafin hannu, har zoben ya dushe. Na ce, "Maman yaro, me kike shafa masa?" Ta miƙo min bututun man. An rubuta clotrimazole, amma a ƙasa akwai betamethasone, wato maganin rage kumburi da ƙaiƙayi, daga cikin waɗanda ake kira steroid. Wannan na biyun shi ne ya ɓata lamarin. Yana kwantar da ƙaiƙayi cikin kwana biyu, sai a ɗauka an warke, alhali ya raunana garkuwar fata, ƙwayar fungas, wato ƙwayar cutar da ke kawo makero, tana ta yaɗuwa. Duk man da ka ga betamethasone ko ɗan'uwansa clobetasol a jikinsa, don Allah kada ka shafa wa makero sai da izinin likita.

Clotrimazole da miconazole kusan aikinsu ɗaya. Ana shafawa safe da yamma, mako 2 zuwa 4, suna maganin makero da kyasbi da kumburin ƙarƙashin mama ko matsematsi da kandida, wani nau'in fungas, ke kawowa. Terbinafine kuwa kashe ƙwayar yake yi kai tsaye, shi ya sa ya fi sauri. Makero ko ruɓewar tsakanin yatsun ƙafa kan lafa cikin mako 1 zuwa 2. Ga wanda na san ba zai jure wata guda yana shafa ba, shi nake zaɓa masa. Nystatin na kandida ne kawai, ko shekara ka yi kana shafa shi, makero ba zai motsa ba. Man Whitfield yana aiki, sai dai a hankali, kuma yana zafi a fatar da ta tsage.

Kyasbin da ya mamaye baya da ƙirji ya fi son shamfu na ketoconazole: a shafa, a bari minti 5, a wanke. Launin fatar yakan ɗauki watanni kafin ya daidaita, ko da ƙwayar ta mutu.

Kora a fatar kan yaro fa, man shafawa ba ya isa tushen gashi. Sai maganin sha irin griseofulvin, na makonni, wanda likita zai rubuta. Farce ma haka yake.

Idan za a shafa man, a wanke wurin, a busar da shi sosai, a shafa har a zarce bakin zoben da kamar faɗin yatsa. Idan mako biyu suka wuce babu sauyi, a koma asibiti, wataƙila ba fungas ba ne.