Shago ya ƙi ci gaba: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Na daɗe ina riƙe wa ƴan kasuwa lissafi a nan Maraɗi, tambayoyin kuwa ba sa canzawa. Ga su wuri guda.

Ba rashin jari ne ya hana ni ci gaba ba?

Wani lokaci. Amma in na tambaye ka ribar watan jiya ka ce mini "Alhamdu lillahi", to ba jari ne ciwonka ba.

Ban yi lakwal ba, yaya zan yi lissafi?

Rubuta da ajami. Kaye guda ya isa: abin da ya shigo, abin da ya fita, wanda ya ci bashi. Kuɗin cefanen da kake zara da safe ma a rubuta shi.

Ai rufe iyaka ne ya karya mu.

Ya karya mutane, ban musa ba. Najeriya ta rufe iyakarta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, sannan takunkumi ya biyo bayan juyin mulkin Yuli 2023. Wannan ba laifinka ba ne. Sai dai kai da maƙwabcinka hanyar Ɗan Isa ɗaya kuke bi zuwa iyakar Najeriya, shi kuma har yau shagonsa a buɗe. Je ka tambaye shi.

Ƙanena ke tsare mini shago, kuɗi na raguwa. In kore shi?

Dakata, Alhaji. Nan ba ni da amsa guda. Da fari, ka tabbata shi ne? Na taɓa zama da wani mai kanti da ya rantse yaronsa na sata. Muka ƙirga kaya, muka bi kaye layi layi, sai ga buhun shinkafa ya tafi gidan suna, katan na sabulu gidan surukai, duk da bakin maigidan, babu wanda aka rubuta. Yaron na tsaye yana jin mu, bai ce uffan ba.

In kuma ya tabbata yana ɗiba, tambayi kanka nawa ka yanka masa a wata. Yawanci ba komai, wai ai na gida ne. Mutum da mata da ƴaƴa, ya wuni kan aljihun tebur cike da jakunkuna, me kake zato? Ban halatta masa ba, amma ka yanka masa albashi ko kaso cikin riba, a gaban shaida, ku riƙa ƙirga kaya tare duk ƙarshen wata. Mata Masu Dubara, ƙungiyoyin asusun mata da aka fara a jihar nan a 1991, sun riga ku gane wannan: kuɗin asusunsu a tsakiyar tabarma ake ƙirga shi, kowa na gani, ba don ana zargin wata ba.

Kora fa? Mai yiwuwa a ƙarshe. Amma in mahaifiyarku na raye, gobe za ka gan shi ya dawo da saƙonta, ka yi asarar kuɗi da zumunci gaba ɗaya. Wani ya fi samun sauƙi in ya ware wa ƙanen ɗan jari ya buɗe nasa teburin. Wani kuma hakan ya ja masa bashi na biyu. Kai ka san ɗan'uwanka, ni ban san shi ba.

Dole sai na yi NIF (lambar shaidar mai biyan haraji) da rajistar kasuwanci?

In kana son kwangilar gwamnati ko ta ƙungiyoyi, ko bashin banki, dole. Kuma duk abin da ka biya na lanho (haraji) ko na meri (ma'aikatar magajin gari), karɓi takarda ka adana. Kar ka sake zuwa mini da "na ba wani mutum a kan babur".